Yadda Ƙarfen Huda Ya Ke Gaya Mana Halin Dutse

'Yan'uwa ɗalibai, a cikin wannan darasi ina so mu duba wata tambaya wadda yara su kan yi in an zo kan maganar ma'adinai. Ƙaƙa mai haƙar kuza ko kwal ya ke sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, alhali kuwa idonsa bai gani ba? Amsa ita ce, ya kan fara huda siririn rami na gwaji, ya lura da tafiyar ƙarfen huda. Gama tafiyarsa cikin yumɓu dabam ta ke da tafiyarsa cikin fa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1858 wani injiniya mutumin Holan, mai suna Akkeringa, ya ƙago abin hudan nan da a ke kira Banka, watau sunan wani tsibiri mai kuza a Indunusiya. An yi aiki da shi ƙwarai wajen neman kuza a ƙasar Jos. Waɗansu ma'aikata su kan hau bisa su danna bututu da nauyinsu, waɗansu kuwa suna juya shi daga ƙasa. Masu juyawan nan su ke fara sanin an fita daga yashi an shiga tsakuwa, domin kafaɗunsu sun gaya musu.

A zamanin yanzu na'urori ne ke yin aikin kafaɗun nan. A kan ɗaura su jikin injin, suna aunawa, kwamfuta tana rubutawa tun daga bakin rami har gindinsa. Manyan abubuwan da su ke aunawa huɗu ne:

1. Saurin nutsewar ƙarfe, watau mita nawa ya shiga cikin minti guda.
2. Ƙarfin da injin ya ke danna shi da shi.
3. Ƙarfin da a ke bukata kafin ya juya.
4. Ƙarfin ruwa ko iskar da a ke turawa don fid da garin dutse waje.

To, ga inda hankali ya ke. Awo guda shi kaɗai ya kan ruɗi mutum. In ƙarfe ya rage sauri, watakila dutse ne ya yi tauri, watakila kuwa haƙoran ƙarfen ne suka dakushe, ko mai tuƙi ya sassauta dannawa. Saboda haka sai a jera huɗun nan a karanta su tare. In dannawa ba ta sāke ba amma sauri ya ragu nan da nan, an ci karo da dutse mai tauri. In juyawa ta riƙa cijewa tana saki, dutsen a farfashe ya ke. In kuwa ƙarfe ya zurma farat ɗaya, ruwan da a ke turawa kuma ya ɓace bai komo sama ba, to, akwai tsaga ko kogo a wurin.

Duk da haka injiniya ba ya gaskata na'ura sai ya gwada maganarta da dutsen kansa. A waɗansu ramuka a kan yanko dutse a fito da shi dogo kamar karan rake. A shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, Deere, ya kawo hanyar auna shi. A tara tsawon guntayen da suka kai santimita 10 ko fiye, a raba da tsawon da aka huda. Misali, an huda santimita 200, an sami guntaye masu 40, 8, 55, 6 da 25, saura duk ɓarɓashi. Za mu zubar da 8 da 6, mu tara sauran, su ba mu 120, watau 60 bisa ɗari. Dutsen da bai kai 25 ba ruɓaɓɓe ne ƙwarai, wanda ya wuce 90 kuwa ingantacce ne.

Me ya sa a ke shan wannan wahala? Domin da sanin nan a ke yanke yawan nakiyar da za a ɗura, da inda za a tokare rufin rami. In an ɗauki farfasasshen dutse a kan mai ƙarfi, rufi na iya ruftawa kan mutane, ko ruwa ya ɓalle musu daga tsaga.

Ina ba ku shawara ku gwada wannan a aji. Ku cika dogon gwangwani da yashi, da yumɓu, da tsakuwa, hawa hawa, yara ba su gani ba. Yaro guda ya murza tsinken ƙarfe ciki, wani ya ƙidaya murzawa nawa ke shigad da shi inci guda, na uku ya rubuta a allo. Sa'an nan su faɗi abin da ke ciki kafin a zazzage. Ranar nan sun koyi lissafi da labarin ƙasa gaba ɗaya.