Yadda Za Ka Wuni a Gida Ranar da Iska Ta Hana Ka Shiga Daji da Mota

Tsakanin Nuwamba da Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta lulluɓe Nijar da arewacin Nijeriya. Wata rana ka sha wa Hilux mai, ka ɗaure jarkoki, sai gari ya waye fari fat. Ga abin yi.

Mataki na farko, fasa tafiyar, kuma ka fasa da wuri. Fita ƙofar gida ka dubi hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis da ka saba hangowa. In ya ɓace, magana ta ƙare. A kan kwalta akwai gefen titi da zai yi maka jagora, amma a rairayi sawun tayar waɗanda suka riga ka ne hanya, iska kuwa tana share shi kafin ka kai. Ko a filin hamada ma akwai tsautsayi: itacen Tenere, wanda shi kaɗai ne a faɗin ɗaruruwan kilomita, direban babbar mota ne ya ture shi a 1973. Kira waɗanda ke jiranka ka sanar da su, kada su taso nemanka.

Na biyu, killace motar. Ɗage gilasai, ka juya mata baya ga arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, ka rufa tamfol ka ɗaure tamau. Kada ka buɗe inji a waje, kuma kada ka goge gilashi da busasshen tsumma, domin yashin zai karce shi. Matatar iskar injin ta jira sai ƙura ta kwanta.

Na uku, gyara ɗaki. Rufe tagogin da ke fuskantar iska, ka toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, ka yayyafa ruwa kafin shara. A rufe randa da kwanukan abinci. Yara su shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya, mai asma kuma maganinsa ya zauna kusa da shi.

Na huɗu, ɗora shayi, amma nan ake yin ganganci. Kurfoti ba ya shiga ɗakin da aka rufe ruf. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa cikin barci. Hura wutar a zaure ko rumfa, ka shigo da buta kawai. In ka bi tsarin Buzaye na dahuwa uku, hantsi ya wuce ba ka sani ba.

Na biyar, nemi abokin dara. Gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. A ganina ta fi latsa waya, ko ba komai tana jawo dattijon gida cikin hira, shi da ya san rijiyoyin hanya.

Iskar ta fi ƙarfi da hantsi, takan lafa da yamma. Bayan la'asar sake duba hasumiyar nan, ka saurari hasashen NiMet ko na rediyon yankinku. In gari ya washe, kakkaɓe matatar iska, duba ruwan lagireto, safayar taya, jak, shebur da igiyar ja, ka ƙara ruwan sha fiye da lissafin jiya, ka sa tashi bayan sallar asuba.