Amsoshin Tambayoyinku: In Karya Farashi Don Wurin Motsa Jikina Ya Cika?

Wani mai sauraronmu daga Kaduna ya buɗe wurin motsa jiki da ba ya ɗaukar fiye da mutum 20 a lokaci guda. Yana tambaya ko ya karya farashi don jama'a su yi yawa.

To Malam, kada ka soma. Kamfanin Planet Fitness na Amurka ya daɗe yana karɓar dala 10 a wata, sai a 2024 ya mayar da shi 15 ga sababbin shiga. Abin da ke riƙe da su faɗin wuri ne da tarin masu rajista, waɗanda da yawansu ba sa leƙowa. Kai kuwa naka suna zuwa, kuma a tare: bayan Asuba da bayan La'asar. Mutum ya biya kuɗinsa, ya tarar da layi a kan injin gudu guda biyu, ga zafi, ga cunkoso, wata mai zuwa sai dai ka ji labarinsa.

Fara haɗa kuɗin haya, man janareto, albashin mai horarwa da gyaran injuna. A ce sun kai naira 600,000 a wata, wurin kuma masu rajista 60 zai ɗauka cikin sakewa. Naira 10,000 ke nan a kan kowa kafin ka ga ko sisin riba, a nan za ka ɗora naka.

Rangwamen kuwa kai shi hantsi zuwa Azahar, lokacin da injuna ke zaman banza. Ka ware wa mata wannan lokaci da mace mai horarwa. Da azumi, buɗe bayan Asham.