Wa Ke Cin Kuɗin Hayaƙin Murhuna?

Malama Hauwa daga Abakpa, Kaduna, ta aiko da tambaya: "An ce Turawa na biyan kuɗi idan muka yi girki da murhu mai tsimin itace. Gaskiya ne? Wa ke karɓar kuɗin?"

Mun gode, Malama Hauwa. Gaskiya ne, ana ce masa cinikin kabon. Kamfani a Turai ya fitar da hayaƙi, sai ya biya a rage hayaƙi a wani wuri a madadinsa. Nan Kaduna ƙungiyar DARE ta yi irin wannan da ƙungiyar atmosfair ta Jamus, da murhun Save80. Kuɗin kabon ne ya sauko da farashin murhun, ba a hannu ake ba mai girki ba.

Matsalar cinikin kabon a duniya ita ce lissafi. Murhu na iya zama a lungun ɗaki, uwargida ta koma kan duwatsu uku, amma a takarda an rubuta hayaƙi ya ragu. Binciken jami'ar Kalifoniya na 2024 ya gano ana zuzuta adadin hayaƙin da aka ce an rage sosai. A taron sauyin yanayi na Baku a 2024, ƙasashe suka amince da sababbin ƙa'idojin cinikin kabon ƙarƙashin yarjejeniyar Faris, kuma a ganinmu gyaran bai isa ba sai mai girki ta san rabonta.

Don haka, Malama, kafin ki sa hannu a takardar karɓar irin wannan murhu, ki nemi a karanta miki ita da Hausa, ki tambayi wa zai gyara murhun idan ya lalace.