Darasi: Duwatsun Muniyo da ƙauyukan da ke kewaye da su

Gure tana gabas da Damagaram, bisa babbar hanyar da ta nufi Difa. Tsakaninsu wajen kilomita 160 ne. Garin yana gindin duwatsu. Sunan wannan ƙasar duwatsu Muniyo.

Duwatsun Muniyo ba su da tsawo ƙwarai, amma suna da tauri. A zamanin yaƙi sun zama garkuwa ga mutane. Da farko sarautar Muniyo tana Bune. Sarki Koso ne ya maido ta Gure. A nan Bature matafiyi Barth ya iske shi cikin shekarar 1852.

Arewa da Gure akwai wasu duwatsu, ana ce musu Kutus. Garin Kelle yana can. Yamma, bisa hanyar Damagaram, akwai Gidigir mai babbar kasuwa. Mangawa da Dagirawa da Hausawa suna noma. Fulani da Tubawa da Buzaye suna kiwo.

Ruwan sama kaɗan ne a ƙasar, wajen milimita 300 a shekara. To, da me ƙauyuka suke rayuwa? Da kwari. Kwari rami ne mai faɗi tsakanin tuddan rairayi. In an yi ruwa, rairayi ya shanye shi, ya taru a ƙarƙashin ƙasa. Cikin kwari ruwan yana kusa, rijiya ba ta da zurfi. A bakin kwari goruba take. Daga ciki sai dabino da garakan rogo da albasa. A tsakiya, inda ruwa yake ƙafewa, ana ɗibar kanwa a kai kasuwa.

Amma dutse yana zaune, rairayi kuwa tafiya yake. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyawa masu yawa. Tudun da ya rasa ciyawa, iska tana kwashe shi. Sannu sannu ya binne garka da rijiya. In kwari ya mutu, ƙauye ya watse.

Akwai magani. Ana kafa shingen kalimbo ko na kaba bisa tudu, don ya tare iska. Da damina a dasa itatuwa cikin shingen. A hana dabbobi shiga har itacen ya kama.

Tambayoyi
1. Ina sarautar Muniyo take kafin Gure?
2. Don me rijiyar kwari ba ta da zurfi?
3. Yaya ake tsai da rairayi?