Wa zai ba da labarin waɗanda aka kora daga gida?

A shekarar 2022 an nuna finafinan gaskiya guda biyu a kan 'yan bindigar Zamfara. A na BBC Africa Eye, Yusuf Anka, ɗan jihar nan, ya shiga daji ya zauna da shugabanninsu. A na Trust TV kuwa an ji muryar Bello Turji, wanda sunansa ba baƙo ba ne ga mutanen Shinkafi da Zurmi. A watan Agusta na shekarar, hukumar NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, wai ta ɗaukaka ta'addanci.

Finafinan sun yi amfani, domin mutanen Abuja da Legas sun ga abin da mu muka daɗe muna gani. Amma gardamar da ta biyo baya a kan masu bindiga ta tsaya. Matar da ta bar gero a rumbu ta gudu Ƙaura Namoda da goyo, wa ya tambaye ta iyakar gonarta?

Akwai abin koyo a wurin Kurdawa, al'ummar da ke warwatse a Turkiyya, Iran, Iraƙi da Siriya, ba su da ƙasar kansu. Bahman Ghobadi, Bakurde ɗan Iran mai shirya fim, shi kansa ya bar ƙasarsa a 2009. Daga baya ya ba yara takwas da yaƙi ya kora daga Kobani da Shingal kyamara, aka koya musu aiki da ita, suka ɗauki zamansu na sansani da hannunsu. Fim ɗin, Life on the Border, ya fito a 2015.

Mu ba mu da kyamara irin tasu, amma da wuya a rasa waya mai ɗaukar murya a ikilisiya. Matasa za su iya zama da dattawan da suka yi gudun hijira, Kirista da Musulmi, su ɗauki sunan ƙauyen, inda rijiya take, wace bishiya ce ta raba gonar wane da ta wane. Ranar komawa, wannan zai kashe rigima da yawa. Sai dai a yi hattara ƙwarai. A nemi izini tukuna, kada a ɗauki fuska, kada a tura wa kowa ta WhatsApp, gama masu kai wa daji rahoto suna nan cikin gari. Wanda bai shirya yin magana ba, a ƙyale shi.

Ku karanta Irmiya sura 32 tare. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, duk da haka annabin ya sayi gona a Anatot, ya sa aka adana takardun cinikin cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Me ya sa ya damu da takarda a irin wannan lokaci? A ikilisiyarmu, hannun wa za mu amince ya riƙe abin da muka ɗauka?