Darasi na 18: Shekara guda tare da littafi

Karatu kamar gona yake. In aka bar gona ba noma, sai ciyawa ta cinye ta. Yara da yawa suna fita daga makaranta sun iya karatu sarai. Bayan shekara biyar ko shida, ko takardar likita ba su iya karantawa sai da ƙyar. Ba wanda ya ƙwace musu iliminsu. Sun daina taɓa littafi ne kawai, don a ganinsu littafi kayan jarrabawa ne. Amma gonar da ta zama saura ba ta mutu ba, ana iya sake share ta.

Damagaram tsohon garin karatu ne. Tun kafin Turawan Faransa su shigo a 1899, malamai suna karantar da almajirai, suna rubuta wasiƙu da waƙoƙi da ajami. A nan ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko ta ƙasar Nijar a 1973, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Ga labarin wani saurayi na wannan gari da yadda ya komo wa karatu cikin shekara guda.

Kaka

Saurayin yana koyon ɗinki a unguwar Zango. Shekararsa bakwai da barin makaranta. Wata rana, a cikin watan Oktoba, wata mata ta aiko da yadi tare da takarda. Maigidansa ya ce: «Ɗan boko, karanta mana.» Ya riƙe takarda, yana ta in-ina. Ƙanwarsa, ƴar aji huɗu, ta kawo masa abinci. Ta leƙa, ta karanta takardar tsaf. Mutane suka yi dariya, shi kuwa kunya ta rufe shi.

Da dare ya kira ta, ya ce: «Auta, ara mini littafi guda, amma ba na nahawu ba.» Ta kawo masa Ruwan Bagaja. Abubakar Imam ne ya rubuta shi, aka buga shi a 1934, bayan wata gasar rubuta labarai da aka shirya a Zariya. Daren farko shafi guda ya karanta, yana bin layi da yatsa. Dare na biyu ya yi shafi biyu. Yana son ya ji ko Alhaji Imam zai samo ruwan da ya fita nema, da kuma irin tsiyar da Malam Zurƙe zai ƙulla masa. Kafin a gama kai hatsi rumbu, ya ƙare littafin.

Ɗari

Da sanyi ya shigo, mutanen gida suka riƙa taruwa a ɗakin kakarsa suna jin wuta. Tsohuwa ta gan shi yana dariya shi kaɗai, ta ce: «Maigidana, wane irin rowa ne wannan? Kana cin daɗi kai kaɗai, amaryarka tana kallo?» Ya ce: «Kaka, ai ba ki iya boko ba.» Ta ce: «Kunnena ya iya.»

Daga ranar nan ya fara karatu da ƙarfi. Littafin Magana Jari Ce ya samo, mai kashi uku, inda wani aku yake ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita daga fada. Kowane dare labari guda. In ya yi sauri, tsohuwa ta ce ya maimaita. In ya haɗu da kalmar da bai sani ba, sau da yawa ita take fassara masa. Haka ya koyi tsayawa wurin aya, ya koyi sake murya in sarki yana magana ko bafade. Yatsa ya daina bin layi.

Bazara

Zafi ya zo, ɗinki ya yi yawa, ga ƙarancin ruwa a gari. In ya taso daga aiki sai ya tafi neman ruwa, ya komo a gajiye. Ya yi sati uku bai buɗe littafi ba. Nan ne mutane da yawa suke yankewa, su ce abin ya fi ƙarfinsu. Shi kuwa sai ya sake dabara. Ya sa littafi cikin aljihu. In ya kai layin famfo, ya karanta. In an ɗauke lantarki, keke ya tsaya, ya karanta.

Da yamma yakan zauna a fadar samari ta unguwarsu, inda ake dafa shayi, kowa yana latsa wayarsa. Da farko abokai suka yi masa ba'a, suna kiransa «mushe». Wata rana ya karanta musu wani wuri daga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa tana bin sawunsa. Shayi ya huce ba wanda ya kula. Kashegari su da kansu suka ce a ci gaba. Daga baya kowa ya sa kuɗi kaɗan, suka ba wani direba da yake zuwa Kano saƙon littattafai. Suka sayi kaye, suna rubuta sunan wanda ya ara da ranar da zai mayar.

Damina

Da ruwa ya sauka, ya tafi ƙauye taya kawunsa noma. Wannan karo littafin Faransanci ya ɗauka, tare da ƙamus: Sarraounia, na Abdullahi Mamani, wanda ya fito a 1980. Labarin sarauniyar Lugu ne, wadda ta yi yaƙi da sojojin Faransa a 1899. Ya sha wuya a shafukan farko. Amma wanda ya saba da karatu cikin harshensa, ba ya jin tsoron littafin wani harshe. Ya riga ya san yadda ake bin labari, kalmomi ne kawai suka rage masa.

Da ya komo gari, ya nemi abin da aka rubuta a kan Damagaram. Wani malamin makaranta ya ara masa wasan kwaikwayon Andre Salifu a kan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19. Tun yana yaro yake wucewa ta gaban fadar sarki. Sai yanzu ya tsaya ya dube ta da kyau, don ya san abin da ya faru a wurin.

Abin lura

A ƙarshen shekara, littafi tara ya karanta. Ba wanda ya tilasta masa, ba kuma jarrabawa a gabansa. Abu huɗu ne suka taimake shi: ya fara da harshen da ya sani, ya zaɓi labarin da yake masa daɗi, ya yi kaɗan kaɗan kullum, ya kuma karanta wa wasu. Wanda yake karanta shafi 2 kowace rana, a shekara ya karanta shafi 730. Da sannu ake cika rumbu, dami bayan dami.

Ma'anar kalmomi

saura: gonar da aka daɗe ba a noma ba.
in-ina: maganar da take fita da ƙyar, tana sarƙewa.
ajami: rubutun Hausa da baƙaƙen Larabci.
ganuwa: babbar katangar da ta kewaye birni.
ƙamus: littafin da yake ba da ma'anar kalmomi.

Tambayoyi

1. Me ya sa saurayin ya manta karatu bayan ya bar makaranta?
2. Ta yaya kakarsa ta taimake shi, ko da yake ba ta iya boko ba?
3. Wace dabara ya yi a lokacin bazara?
4. Kalmar «kaka» tana da ma'ana biyu a cikin darasin nan. Ku faɗe su. Ku yi haka da kalmar «fada».
5. In littafi guda yana da shafi 73, littafi nawa mai karanta shafi 2 kullum zai gama a shekara?

Aiki

Kowa ya zaɓi labari guda, ya karanta wa wani babba a gida yau da dare. Gobe ya faɗa wa aji wurin da mai sauraro ya yi dariya, da kalmar da ya fassara masa.