Fannin da Zai Yi wa Karatun Lauya Rakiya

Wani ɗalibi daga unguwar Bagadaza ta birnin Gombe ya aiko da tambaya, yana cewa ya ƙudura niyyar zama lauya, amma ya rasa fannin da zai haɗa da karatun shari'a, domin ya ji cewa a Amurka sai mutum ya gama digiri a wani ilmi dabam kafin a karɓe shi.

Ɗana, ka sani tsarinmu ya sha bamban da nasu. A Nijeriya ana shiga karatun lauya daga sakandare ta hanyar jarrabawar JAMB, a yi shekara biyar a jami'a, sa'an nan a wuce Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, take kuma da rassa a Bagauda ta jihar Kano da Yola, kafin a ba mutum izinin tsayawa gaban alƙali. Wanda ya riga ya mallaki digiri yana iya neman shiga daga aji biyu. Saboda haka zaɓinka yana farawa tun daga aji huɗu na sakandare, kuma sharaɗin da ba a sassautawa shi ne Adabin Turanci, wanda sakaci da shi ya hana masu hazaƙa da yawa samun gurbi.

Amma asalin mas'alar shi ne ka tambayi kanka irin shari'un da kake burin tsayawa a kansu, domin su ne za su nuna maka abokin tafiya. Idan zuciyarka ta karkata ga gado da aure da wasiyya, to ka nemi jami'ar da take koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar Turawa, kamar Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Maiduguri, ka kuma riƙi Larabci da hannu biyu, gama wanda bai iya buɗe littattafan fiƙihu irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa da kansa ba, zai dawwama yana dogaro da fahimtar wani. Tsarin mulki na 1999 ma ya sharɗanta shaidar ilmin shari'ar Musulunci ga mai neman kujerar ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Idan kuwa ciniki da bashi da kamfanoni ne muradinka, ilmin tattalin arziki da lissafin kuɗi sun fi maka amfani. Idan rigimar filaye ce, wadda take yawaita duk inda gari yake faɗaɗa kamar Gombe, to tarihi da al'adun mallaka, tare da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, su ne guzurinka.

Nasihata ita ce ka zaɓi fanni ɗaya ka zurfafa a cikinsa, ka ɗauki na biyu gwargwadon iko, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ka riƙa zama a kotu lokacin hutu kana sauraron yadda ake kafa hujja, ka kuma tabbatar Majalisar Ilmin Shari'a ta amince da tsangayar da za ka shiga kafin mahaifinka ya biya ko sisi. Ka gyara niyya, ɗana, ka nemi wannan ilmi domin ƙwato haƙƙin mai rauni. Allah Ya yi maka jagora.